RA'AYINMU: Kafin Ka Sayi Murhu, Dubi Hanyar Hayaƙinsa

Duk falken da ya kawo shanu Duwala ya sayar, da wuya ya koma gida hannu banza. Bayan ya sauka a wurin mai masaukinsa a New Bell, sai ya zaga kasuwanni ya yi wa iyali tsaraba, kuma cikin tsarabar nan har da murhun ƙarfe irin wanda yake gani wurin masu abinci da 'yan tsire a kewayen kasuwar Sandaga. To a kan murhun nan ne muke so mu ja kunnen 'yan'uwa.

Duwala garin zafi ne, mutanenta girki kawai suke yi da murhu, galibi a waje. Amma gidajenmu da rugagenmu suna kan tudu. Ngaundare kanta ta haura mita 1,000 bisa teku, kuma kowa ya san sanyin Disamba da Janairu a can da Banyo da Tibati. Murhun da aka ƙera don girki a fili, shi ake shigarwa ɗaki da dare a rufe ƙofa don jin ɗumi. Nan haɗarin yake.

Itace idan ya yi hayaƙi yakan sa tari da hawaye, mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Gawayi kuwa ba ya gargaɗi. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da kasala, mai barci kuwa yana iya zarcewa. Wanda aka samu a wannan hali a fitar da shi waje nan take, a kai shi asibiti, kada a tsaya cewa iskokai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kamar miliyan 3.2, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, murhun ɗumama ɗaki lalle ya zama na itace mai ƙofa, mai bututun da zai fitar da hayaƙi ta bango ko ta rufi. Idan rufin ciyawa ne, kada bututun ya taɓa shi. Na biyu, a ƙwanƙwasa ƙarfen a ji kaurinsa, domin na tsohuwar durom mai laushi ba ya jimawa yake hujewa, araha kuwa ba ta ado. Na uku, a zaɓi wanda aka yaɓe cikinsa da yumɓu, ya fi riƙe zafi, ya fi rage cin itace. Na huɗu, ya zama mai gindi sosai yadda yaro ko ɗan akuya ba zai ture shi ba. Murhun gawayi kuwa wurinsa tsakar gida, ko damina ce a Duwala, ko hunturu ne a Adamawa.

Akwai kuma maganar daji. Kafin a samu kilo 1 na gawayi a ramin gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10. Itatuwan da ake sarewa kuwa har da kawo da maɗaci da madobiya, waɗanda ganyensu ke riƙe mana shanu a ƙarshen rani. Madobiya ta yi ƙarancin da tun 2017 aka sa cinikinta tsakanin ƙasashe ƙarƙashin dokar duniya. Murhu mai cin itace kaɗan ba baƙon abu ba ne, domin tun shekarun 1980 'yan'uwanmu na Nijar suka san wanda ake kira Mai Sauƙi, maƙeranmu ma za su iya ƙera irinsa.

Muna roƙon arɗo-arɗo da sarakunan zango da limamai su isar da wannan magana ga waɗanda ba su karatu, musamman mata, tun sanyi bai kama ba. Allah ya kare mu da iyalanmu da dukiyarmu, amin.