Mu san addinin maƙwabta: Yahuza da Bitrus

A Maradi, Tsibiri da Galmi akwai Kiristoci. Mi suke cewa game da mai babban laifi, da wanda ya kashe kansa?

Littafinsu ya ba da labarin almajirai biyu na Annabi Isa. Yahuza ya bashe shi ga maƙiya don kuɗin azurfa 30. Da ya ga abin da ya aikata, ya maida kuɗin, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus kuwa ya yi musun saninsa har sau 3. Da zakara ya yi cara, sai ya fita ya yi kuka, ya tuba. Aka gafarta masa, ya zama jagoran almajirai.

Dukansu sun yi laifi, dukansu sun yi nadama. Kiristoci na cewa bambancin ɗaya ne: Yahuza ya fid da rai ga rahamar Allah, Bitrus bai fid da ba.

A wurinsu kashe kai zunubi ne babba, don rai na Allah ne. A da, cocin Katolika na hana wa irin wannan mamaci jana'iza. Tun 1983 dokarta ta bar wannan hani. Ta gane ciwon hankali da tsananin baƙin ciki na rage alhaki. Tana yi masa addu'a, ta bar wa Allah hukunci.

Saboda haka wanda kunya, bashi ko laifi ya dame shi, kada a bar shi shi kaɗai. A zauna da shi, a saurare shi, a kai shi likita.