Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga 'Yan Wasan Ces na Ƙananan Gasa

Dakaren da mai farare ke turawa zuwa d4 a motsin farko yana da sarauniya a bayansa, shi ya sa ba a razana shi da wuri, kuma wasan kan tafi a hankali. Mai baƙaƙen da bai shirya amsa tun daga gida ba, agogo ne zai fara cinye shi.

Tsohuwar amsa ita ce d5. Farare sai su miƙa dakaren c4 kamar kyauta. Ɗauka ba laifi ba ne, riƙewa ce ganganci. Bayan 2...dxc4 3.e3 b5 4.a4 c6 5.axb5 cxb5, sarauniya na hawa f3 ta hango hasumiyar a8, kuma baƙaƙe ba sa tsira sai sun yi asarar doki ko bishof. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gara a ɗauka, a sakar wa farare dakaren, a fito da mayaƙa.

Wanda ya ƙi kyautar da e6 ya bi turbar manya: a karawar kambun duniya ta 1927 a Buenos Aires, Capablanca da Alekhine sun buga wannan tsari a wasanni 32 cikin 34. Aibinsa ɗaya ne, bishof ɗin c8 yana shiga kulle bayan dakarunsa. Dole a nema masa ƙofa, ko ta b6 da b7, ko ta tura e5 idan hali ya yi. Kariyar Slav, wato c6 maimakon e6, tana bar masa hanya a buɗe.

Akwai masu fara fito da doki zuwa f6. Kariyar Nimzo-Indiya tana ɗaure dokin c3 da bishof daga b4. Kariyar Indiya ta Sarki kuwa, wadda Fischer da Kasparov suka yi suna da ita, tana bar wa farare tsakiyar fili kafin a mayar da hari. Tana da daɗin kallo, amma mai aikin ofis da ke atisaye ranar Asabar kaɗai zai sha wuya da ita.

A ƙananan gasa, tsarin Landan yana yawan fitowa, inda bishof ɗin farare ke zama f4 tun da wuri. Fitarsa kan bar b2 ba mai gadi, don haka c5 da sarauniya a b6 sukan dame lissafin farare.

Kariya ɗaya ta ishi ɗan wasa shekara guda. Ya rubuta kowane wasa a takarda, ya koma bayan gasa ya nemo motsin da ya fara rasa abin yi.