Wa zai binciki ƙwaƙwalwar ɗan ajin CI?

Idan saurayi ko budurwa suka gama lisans suka ce za su ci gaba da mastar a kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tambayar farko a gida ita ce: likita za ka zama? Da an ce a'a, sai fuskoki su canza. Ni dai ra'ayina a bar su su tafi, kuma mu malamai ne ya kamata mu fi kowa goya musu baya.

Likitan jijiyoyi daban, mai bincike daban. Likita yana duba mai farfaɗiya ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Mai bincike kuwa so yake ya gano yadda ƙwaƙwalwa ke gani, ke tunawa, ke koyo. Hanyarsa doguwa ce: shekara 3 ta lisans, 2 ta mastar, aƙalla 3 ta doktora. A mastar zai koyi yadda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo, ya ƙware a ƙididdiga da sarrafa kwamfuta, sannan ya yi watanni a ɗakin bincike ƙarƙashin wani malami. Shekara takwas bayan bak ba tare da tsayayyen albashi ba, ban ga laifin uban da ya yi shiru ba.

To me ya shafe mu? A makarantar horon malamai inda nake koyarwa, babu shekarar da ɗalibaina ba sa dawowa daga gwajin koyarwa da kukan cewa yara na rikita b da d. Wasu har su ce yaron daƙiƙi ne. Stanislas Dehaene, masani a Collège de France, ya bayyana dalilin a littafinsa kan ƙwaƙwalwa da karatu na 2007. Akwai wani yanki a gefen hagu na ƙwaƙwalwa da ke karɓar aikin gane haruffa idan mutum ya koyi karatu. Kafin nan, aikin wannan shiyyar shi ne gane fuskoki da kayayyaki, kuma a wurinta buta buta ce, ko bakinta ya kalli hagu ko dama. Ke nan yaron da ya ɗauki b da d abu ɗaya, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Sai an koya mata, sannu a hankali, cewa a kan allo juyin yana da ma'ana. Malamin da ya san wannan ba zai ɗaga bulala ba.

Sai dai yawancin binciken nan a Turai da Amurka aka yi shi, kan yaran da ke koyon karatu da harshen da suke ji a gida. Namu yaron yana shiga CI da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci a bakinsa, a ɗora masa aiki biyu lokaci guda: sabon harshe da sababbin haruffa. Idan da Hausa aka fara masa, ga ɓ da ɗ sun ƙaru a kan b da d. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma har yau mahawararmu kan harshen koyarwa ta fi yawa da zafin rai. Wani daga Paris ba zai zo ya auna mana yaran Tasawa ba.

Za a ce kayan aikin sun fi ƙarfinmu. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kam tana da tsada. Amma ana bincike mai daraja da ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace, ana kuma auna karatun yara da kwamfuta da takarda. A Damaturu, jihar Yobe da ke iyaka da mu, Dokta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike da horaswa a jami'ar jihar, bayan ya yi karatu a Ingila.

Tsoron da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ya tafi ya ƙi dawowa. Ba zai dawo ba in babu kujerar da ke jiransa. Hukumar ANAB ta ware ƴan guraben tallafin karatu ga wannan fanni, jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram su tanadi wurin aiki tun kafin su gama, a kuma sa sharaɗin cewa kowane ɗayansu zai riƙa shiga makarantun horon malamai yana zama da waɗanda za su riƙe ajin CI.