Kada Mu Farfasa Duwatsun Kakanni

'Yan'uwa manoma, ina so mu yi shawara a kan duwatsun da mutanen dā suka kafa suka bari.

A ƙasar Ikom, cikin Jihar Kuros Riba, akwai irinsu da yawa. Mutanen wurin suna kiransu akwanshi ko atal. An kakkafa su a kewaye, waɗansu tsayinsu ya kai ƙafa shida. An sassaƙa musu fuska da gemu da babbar cibiya, da zane irin na tsagar gado. A 1961 da 1962 wani Bature ma'aikacin gandun daji, Philip Allison, ya bi ƙauye ƙauye ya ƙidaya kusan 300. Yau da yawa ba su nan. Ɓarayi sun kwashe waɗansu zuwa Turai da Amurka, musamman daga lokacin yaƙin basasa. Sai a 2023 wani gidan kayan tarihi a Amurka ya mayar da guda ɗaya.

Amma ba ɓarawo kaɗai ne mai ɓarna ba. Manomi ma yana ciki. Idan ya yi sassabe, ya tara yayi a gindin dutsen ya sa wuta, dutsen yakan yi zafi, ya huce, ya tsage. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, har fuskar ta ɓare. Wutar nan kuwa ita ce take cinye ciyawar da za ta ruɓe ta zama taki. Hasara biyu ke nan.

Mu ma a kan tudu muna da namu. Akwai tsofaffin gadojin dutse a wajen Bokkos, da kufai masu katangar dutse, da gumakan yumɓu na Nok. Sau da yawa na ga an kwashe duwatsun kufai an zuba a harsashin gini, don kawai an same su a tare.

Na san wani zai ce, "Malam, ai waɗannan kayan tsafi ne, ina ruwan Kirista da su?" Gaskiya ne har yanzu akan shafa wa waɗansu akwanshi farar ƙasa a bikin sabuwar doya. Mai bi ba zai yi wa dutse sujada ba, ba zai kai masa hadaya ba. Amma ƙin yin sujada daban, ɗaukar guduma daban. Mu tuna Yakubu ya kafa dutse a Betel. Joshuwa ya kafa goma sha biyu a Gilgal domin 'ya'ya su yi tambaya, iyaye su ba da labari. Kakanninmu ba su bar mana takarda ba, dutse suka bari. In mun farfasa shi, me za mu nuna wa jikoki?

Shawarata ke nan. In akwai irin wannan a gonarka, ka bar masa taku biyar kowane gefe ba noma. Ka share ciyawar kewaye kafin kaka ta wuce, kada gobarar daji ta kai shi. In baƙo ya zo da kuɗi yana taya, kada ka sallama, ka sanar da dagaci. Dattawan ikilisiya kuma su kai yaran makarantar Lahadi su gani, a kira tsoho ya faɗi abin da ya ji daga bakin nasa kakan.

Gonar nan amana ce Ubangiji ya ba mu, da abin da muka tarar a cikinta. Allah ya ba mu ikon riƙewa.