Daga Madafin Uwargida: Kek ɗin gwangwani, ba oben ba faranti

Mata da yawa a cikin birni suna haƙura da yin ƙananan kek saboda ba su da oben, ba su kuma da farantin nan mai gurabe 12. Ga wutar lantarki ba tabbas. Sai a wayi gari duk tarar yara ta makaranta a shago take ƙarewa. To uwargida, zafi ne ke gasa kek, kuma tukunyarki da gwangwanayen madara sun wadatar.

Wanda za mu yi yau shi ne wanda ake kira mafin a Amurka da Ingila. Ba a buga masa bota da sukari, don haka ba ya cin kuɗi, ba ya gajiyar da hannu.

Kayan haɗi (awo da gwangwanin madarar ruwa)
Fulawa gwangwani 3
Sukari gwangwani 1
Bekin foda ƙaramin cokali 3
Ƙwai 2
Madarar ruwa gwangwani 1, da ruwa rabin gwangwani
Man gyaɗa rabin gwangwani
Gishiri kaɗan, da filebo idan kina so

Gyaran gwangwani
Ki tara gwangwanayen madara guda 10, ki yanke murfin gaba ɗaya, ki daddanne bakin da bayan cokali don kada ya yanki yatsa. Idan akwai takarda a jiki ki ɓare, ki wanke tas ki shanya. Mai tsatsa, ko wanda cikinsa ke da farin shafi kamar roba, ki yar da shi. Na fenti ko na maganin sauro kuwa kada ya kusanci abinci ko da an wanke. Ƙananan kofunan silba ma suna yi, idan kuma kin leƙa kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai ki tambayi gwangwanin kek. Ki shafe cikin kowanne da mai, ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe. Kada ki shimfiɗa jarida a ciki, tawadarta ba ta ci ba ce.

Kwaɓi
Ki tankaɗe fulawa da bekin foda, ki zuba sukari da gishiri. A wani kwano ki kaɗa ƙwai da madara da ruwa da mai. Sai ki juye na ruwan a kan na garin, ki juya a hankali har garin ya ɓace, ki tsaya. Ko kin ga 'yan gudaji ki ƙyale su. Yawan juyi ne ke sa fulawa ta yi danƙo, kek ya fito da tauri kamar gurasar jiya. Ki zuba rabin gwangwani ko ya ɗara kaɗan, domin zai tashi.

Gashi
Ki zuba busasshen yashi mai tsabta a babbar tukunya, kaurin yatsu 3, ki rufe ki ɗora a kan gawayi minti 15 ya yi zafi. Yashin shi ke raba zafi daidai, ya hana gindin kek ƙonewa. Ki aza faranti a kan yashin, ki jera gwangwanayen ba tare da sun taɓa jikin tukunya ba. Ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin, na sama ya ɗan fi na ƙasa. Kada ki buɗe kafin minti 20, idan iska ta shiga sai ya faɗa. Daga nan ki soka tsinke a tsakiya: in ya fito fes ya gasu, in da danshi ki ƙara minti 5 zuwa 10. Ki bari ya sha iska, ki zagaya gefen da wuƙa, ki kife.

Hattara: a tsakar gida ake wannan aiki. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa. Ko sanyin hunturu ya matsa, kada ki shigar da murhu ɗaki.

Idan hannunki ya faɗa, ga na yara, ga na baƙin sallah, ga kuma 'yar sana'a daga cikin gida. A ci daɗi lafiya, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.