Wasa Huɗu Ba Ya Naɗa Gwani

A shekarar 1974, a birnin Stokholm, aka yi gasar duniya ta farko tsakanin na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke buga darar Turawa. Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta ci wasanninta huɗu, aka ba ta kambu. Amma ba ta gamu da Chess 4.0 ta Amurka ba. Da aka gama su bayan gasa, kunnen doki suka yi. To, wace ce gwana? Wasa huɗu ba ya rarrabe ƙarfi da sa'a. Don haka masu gyaran Stockfish a yau ba su amincewa da wani gyara sai an gwada shi cikin dubban wasanni. Ya kamata mai karatu ya ƙidaya wasanni kafin ya yaba wa zakara.