Sudan: Shin soke dokar ridda ya wadatar?

A watan Yulin 2020 ne gwamnatin riƙon ƙwaryar Sudan ta soke hukuncin kisa kan ridda, wanda sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991 ya tanada.

Batun ya daɗe yana tayar da ƙura a ƙasar. A 1985 gwamnatin Numeiri ta rataye Mahmud Muhammad Taha bisa zargin ridda. A 2014 kuma wata kotun Khartum ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa, duk da cewa ta ce a Kirista ta tashi. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta.

Malamai dai sun sha bamban. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan kisa ga namiji baligi, yayin da marigayi Hassan al-Turabi ya yi watsi da hukuncin, yana ganin imani ba ya samuwa da tilas.

Abin lura shi ne, dangin Maryam ne suka kai ta ƙara. Ke nan gyaran doka ya ɗaure hannun alƙali, amma bai kawar da tsangwamar cikin gida ba. Wannan kam aikin malamai ne da iyaye.